Man rake a tankin tsohuwar mota: araha ce ko asara?

Duk wanda ke cin abinci da kasuwa ya san cewa kuɗin mai na cikin kowane buhu. Buhun albasa da ya taso daga Galmi, tiyar wake da aka auna a Tasawa, kwandon tumatir da ya kwana bisa hanya kafin ya iso Yamai, kowannensu sai ya biya wa mota abin da ta sha kafin ya kai hannun mai saye. Shi ya sa in aka ce ga wani mai da ya fi fetur araha, kunnen ɗan kasuwa ne ke fara tashi.

Man da ake magana a kai shi ne etanol, wanda ake samu daga rake, masara, alkama ko beterab irin wanda Turawa ke yin sukari da shi. A Birazil, Amurka, Faransa da Indiya, garwaya shi da fetur ya zama ruwan dare. To amma motocin da ke ɗaukar mu da kayanmu, galibinsu sun tsufa, wasu ma sun girmi direbobinsu. Shin tsohon inji na iya shan wannan mai ya zauna lafiya? Abin da muka duba muku ke nan a wannan shafi.

Mene ne etanol, me ake nufi da E10 da E85?

Etanol dai alkol ne, dangin wanda ake shafa wa mutum a likita kafin a yi masa allura. Ana jiƙa abu mai zaƙi ko mai gari har ya yi tsami, a dafa, a tare tururinsa, a tace shi har ruwan da ke ciki ya fita. Wanda aka yi don mota ana lalata shi da fetur ko wani sinadari don kada kowa ya sha.

Harafin E da lambar da ke biye da shi suna faɗin yawan etanol ɗin da ke cikin man. E5 na nufin bai wuce kashi 5 bisa ɗari ba, E10 kashi 10, E20 kashi 20. E85 kuwa shi ne mai ƙarfin, yana iya kaiwa kashi 85, sauran ne kawai fetur. Tun watan Oktoba na 2018 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta liƙa wannan alama cikin da'ira a jikin kowane famfon gidan mai, da kuma kusa da murfin tankin sabbin motoci. Alamar gazuwal ita cikin murabba'i take, da harafin B. Motar gazuwal ba ruwanta da wannan zance, kada a kusanto da etanol tankinta ko kaɗan.

Inda abin ya samo asali

Birazil ce uwa a wannan fage. Bayan tashin farashin mai na 1973, gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin man rake a 1975, kuma a 1979 aka fitar da Fiat 147, ƙaramar motar da ke tafiya da alkol zalla. A 2003 Volkswagen ya fito da Gol mai cin mai biyu, wadda direba ke iya zuba mata fetur ko alkol ko gaurayensu yadda ya ga dama. A 2009 Honda ya yi wa babur irin haka. Fetur ɗin yau da kullum na Birazil ya kai kashi 27 na etanol a 2015, aka ƙara shi zuwa kashi 30 daga 1 ga Agusta 2025.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Birazil ba su wayi gari suka ɗura alkol a motocin da suke da su ba. Sun ɗauki shekaru suna canja motocin kansu: tankin da ba ya tsatsa, tiyon da alkol ba ya ci, karburato da aka yi wa rufi na musamman. Inji aka gina don man, ba man aka tilasta wa inji ba.

A Amurka kusan duk fetur ɗin da ake sayarwa E10 ne, daga masara. Da aka zo maganar E15, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta amince da shi a 2011 ga motocin da aka ƙera daga 2001 zuwa sama kawai. Ta hana zuba shi a motocin da suka girmi haka, da babura, da injinan jirgin ruwa, da ƙananan injina irin na janareta. Ku duba fa, ƙarin kashi 5 ne kurum bisa E10, amma sai da aka ja layi tsakanin tsoho da sabo.

A nan Afirka ma ba baƙon abu ba ne. Malawi na garwaya man rake da fetur tun 1982, Zimbabuwe kuma ta wajabta garwayawa a 2013.

Abin da alkol ke yi wa tsohon inji

Matsala ta farko ita ce yunwa. Inji na ƙone mai ne da iska bisa wani ma'auni. Fetur na son iska kusan kashi 15 ga kashi guda na mai, bisa nauyi. Etanol zalla kashi 9 yake so, domin shi kansa yana ɗauke da iskar da ke taimakon wuta. Ma'ana, sai an ƙara yawan man da ke shiga kafin wutar ta daidaita. Motocin zamani masu injekta na da kwamfuta da ke sansana hayaƙi ta ƙara ko ta rage mai da kanta, amma ita ma tana da iyaka. In aka wuce iyakar sai fitilar gargaɗi ta kama. Mota mai karburato kuwa, irin Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, ramin da mai ke bi ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. In aka ba ta E85 sai ta yi ta shan iska fiye da mai. Sakamakonsa ƙarfi ya ragu, mota ta riƙa shaƙewa in an taka, inji ya yi zafi fiye da kima, har bawul ya ƙone in aka daɗe a haka. Ku kwatanta wannan da mota mai lodi har sama bisa hanyar Tawa a watan Afrilu.

Ta biyu ita ce cin roba. Tiyon mai, robobin da ke toshe mahaɗa, da fatar cikin famfon mai na motocin da, an yi su ne don fetur zalla. Alkol na kumbura wasu, ya busar da wasu har su tsattsage. Tiyon da ya tsage yana ɗigar da mai bisa inji mai zafi, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan haka. Ba asarar mota kaɗai ba ce, har da kayan mutane da rayukansu.

Ta uku ita ce ruwa. Fetur ba ya haɗuwa da ruwa, amma alkol jawo shi yake daga iska. In ruwan ya yi yawa, sai alkol ɗin ya rabu da fetur, su kwanta shi da ruwa a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. Daga nan sai tsatsa a tankin ƙarfe, sai farin gari a cikin karburato, sai mota ta ƙi tashi. Wannan ya fi samun injin da ake ajewa makonni ba a tayar ba, musamman da damina: janaretan shago, injin ban ruwa da aka jingine bayan noman rani, ko motar da ke fita ranar kasuwa kawai.

Ta huɗu ita ce wanki. Alkol na narkar da dattin da ya shekara ashirin yana manne a tanki. Jin haka kamar alheri ne, sai dai dattin ba ya ɓacewa, tafiya yake ya toshe matacin mai da ƙananan ramukan karburato ko injekta.

Gaskiya kuma ba a rage ta: etanol na da nasa amfani. Yana jure matsi fiye da fetur, saboda haka injin da aka gina dominsa ba ya ƙwanƙwasa, yana kuma iya ba da ƙarfi sosai. Yana rage wa ƙasar da ba ta da rijiyar mai kuɗin da take fitarwa waje, ya kuma sama wa manoman rake kasuwa. Matsalar ba ta man ba ce, ta haɗa shi ce da injin da ba a yi don shi ba.

Lissafin ɗan kasuwa: a auna da kilomita, ba da lita ba

Kowace mai sayar da hatsi ta san cewa in aka rage girman tiya, saukin farashi ya zama yaudara. Haka abin yake a nan. Litar etanol na ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na ƙarfin da ke cikin litar fetur. Da E10 bambancin kaɗan ne, wajen kashi 3 bisa ɗari. Da E85 kuwa mota na ƙara shan mai da kusan rubu'i.

Mu ɗauki misali. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke litar fetur a gidajen man Nijar daga sefa 540 zuwa 499. Motar da ke cin lita 10 a kilomita 100 za ta ci sefa 4.990 ke nan, jika biyar ba dala biyu. In da E85 ne, sai ta sha wajen lita 12 da rabi kafin ta kai wannan zango. Kafin mai motar ya tashi ba riba ba faɗuwa, dole litar ta sauko wajen sefa 400. Duk abin da ya haura haka, asara ce ake yi ana murna. A Birazil direbobi na da ƙa'idar da suka daɗe suna bi: in farashin alkol ya wuce kashi 70 bisa ɗari na farashin fetur, fetur ya fi riba.

To me ya sa Faransawa ke rububinsa? Domin gwamnatinsu ta sauke masa haraji. A 2024 litar E85 a Faransa ba ta kai euro guda ba, alhali ta fetur ta haura euro ɗaya da rabi. Da irin wannan rata, ko mota ta ƙara sha, akwai riba. Arahar daga haraji ta fito, ba daga man ba.

Darasin Faransa da motocin da ke zuwa mana

An fara sayar da E85 a Faransa a 2007, E10 kuma a 2009. Da mutane suka ga araha, wasu suka shiga zuba shi a motocin da ba a yi don shi ba, wasu rabi da rabi, wasu suka sa aka taɓa musu kwamfutar mota a ɓoye. A ƙarshen 2017 hukuma ta fitar da doka: wanda ke son E85 sai ya sa wani ɗan akwati da aka amince da shi, a garejin da aka amince da shi, a kuma canja takardar motar. Akwatin aikinsa shi ne ya tsawaita lokacin da injekta ke buɗe don mai ya ƙaru. Dokar ta taƙaita abin ga motocin da suka cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 3 zuwa sama, wato na wajen 2001 zuwa yau. Mota mai karburato ba ta ciki sam. Game da E10 ma, abin da aka sanar shi ne kusan duk motocin fetur da suka fito daga 2000 na iya shansa, waɗanda suka girmi haka sai an duba jerin sunaye.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda yawancin motocin hannu da ake saukewa ta Kwatano ko Lome daga Turai suke fitowa. Mai sayen mota ya duba takardar da ta zo da ita. A takardar Faransa, a gurbin da aka rubuta P.3, ES na nufin fetur, GO gazuwal, FE kuma motar da aka yi ko aka juya don E85. Motar da masana'anta ta ƙera mai cin mai biyu tana shan fetur ɗinmu lafiya lau. Wadda aka taɓa wa kwamfuta a ɓoye ita ce abin tsoro, domin in an ɗaure ta bisa ma'aunin E85, da ta samu fetur zalla sai ta riƙa ɗurar mai fiye da kima, ta yi baƙin hayaƙi, ta cinye riba. Motocin Amurka masu cin mai biyu sau da yawa murfin tankinsu rawaya ne, ko a ga an rubuta FlexFuel a bayansu.

Rigimar Indiya

Indiya ta sa wa kanta burin kai etanol kashi 20 a 2030, sai ta cim masa tun 2025. Da E20 ya mamaye gidajen mai, masu tsofaffin motoci da babura suka yi ta kukan cewa mai na saurin ƙarewa, suna kuma fargabar lalacewar robobi. Dalili kuwa, sai daga Afrilun 2023 ne aka wajabta wa masu ƙera motoci yin kayan da ke jure E20. Gwamnati ta amsa cewa raguwar tafiya ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 ga motocin da aka daidaita, kashi 3 zuwa 6 ga sauran, kuma canja ƴan robobi ya wadatar. An kai ƙara Kotun Ƙoli ana neman a bar wa mutane zaɓin fetur marar gauraye, kotun ta yi watsi da ƙarar ranar 1 ga Satumba 2025.

Ko wa ke da gaskiya kan yawan asarar, abu guda ya fito fili: wanda ke da sabuwar mota bai ji a jikinsa ba, mai tsohuwa ne ya biya. Mu kuma da babura da adaidaita ƙirar Indiya suka cika titunanmu, labarin ba na nesa ba ne.

Man da ba a san asalinsa ba

Fetur ɗin da matatar SORAZ ta jahar Damagaram ke tacewa tun 2011 daga ɗanyen man Agadem yake fitowa, ba daga rake ba. Amma kowa ya san ba gidan mai kaɗai ke shayar da motocinmu ba. Kwalabe da jarkokin ƴan ruwa-ruwa ba su da alama, ba su da lamba, kuma man da ya ratsa hannu biyar ba mai iya rantsuwa kan abin da ke cikinsa.

A watan Fabrairu na 2022 Najeriya ta ga abin da gurɓataccen mai ke yi. An shigo da fetur daga tashar Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da kima. Metanol ƙanen etanol ne, amma ya fi shi cin roba da ƙarfe, kuma guba ne. Motoci suka lalace, hukuma ta janye man daga kasuwa, aka shafe makonni ana layi a Legas da Abuja. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane direba ke iya yi. A samu kwalbar gilashi mai tsabta, a zuba ruwa kashi guda cikin goma, a yi alama daidai inda ya tsaya. A cika sauran da man da ake shakka, a rufe, a girgiza, a aje ta ta natsu na ƴan mintoci. In fetur zalla ne, ruwan zai koma daidai alamarsa. In akwai alkol, zai bar fetur ya bi ruwa, sai a ga layin ya haura alamar. Iya hawansa, iya yawan alkol ɗin. A yi gwajin a fili, nesa da wuta, murhu da taba.

Shawara ga mai mota da mai haya

Mota ko babur mai karburato, janareta da injin ban ruwa, fetur marar gauraye ne abincinsu. In ba makawa, kada a wuce E10, kuma a sa ido kan tiyo. Direban da ya ƙetara wata ƙasa ya karanta alamar famfo kafin a zuba masa. Kada a yarda da mai cewa a haɗa alkol da fetur a gida don a rage kuɗi, ko mai sayar da wani akwati ko ruwan kwalba da ya ce zai mai da tsohuwar mota mai shan kowane irin mai. Juya tsohon inji ya koma E85 aiki ne na gaske: faɗaɗa ramukan karburato, canja tiyo da famfo da robobi, wanke tanki, daidaita wuta. Bayan an yi haka kuma motar ba za ta ƙara jin daɗin fetur zalla ba sai an mai da ita yadda take.

In an riga an zuba man da ake zargi, mota ta fara shaƙewa ko zafi, a tsaya a zuƙe tankin, a canja matacin mai. Kuɗin lita ashirin bai kai kuɗin sauke inji ba. Injin da za a aje wata guda ko fiye, a tsiyaye man da ke cikin karburato tukuna. Ke kuma ƴar kasuwa da ke hayar mota, in kin ji warin fetur a cikinta ko kin ga ɗigo a ƙarƙashinta, ki yi magana kafin a ɗora kayanki. Jarinki ne a ciki, da ranki.

Saura magabata. Duk ranar da aka tashi kawo dokar garwaya etanol a ƙasashenmu, muna roƙon a fara ƙidaya shekarun motocin da ke bisa hanya, a liƙa alama a kowane famfo, a bar wa mai tsohon inji man da zai iya sha. A kuma tuna cewa a Amurka sama da kashi ɗaya cikin uku na masarar da ake nomawa tankin mota take tafiya. Ƙasar da ke jiran damina kafin ta cika rumbu sai ta yi lissafi sau biyu kafin ta haɗa tukunya da tanki a gona guda.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin mu yi murna da farashin lita, mu tambayi kilomita nawa za ta kai mu, mu kuma tambayi shekarun injin da zai sha ta. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kai mu kasuwa lafiya ya maido mu lafiya.